Saƙa Mayafin Wuya da Zaren Angora: Jagora ga Mai Fara Riƙe Tsinke

Duk wadda ta taɓa ɗora dunƙulen zaren angora a tafin hannu ta san yadda yake: kamar ba a riƙe komai ba. Ba nauyi, ba kaushi, sai wani ɗumi da ke ratsa hannu tun ba a gama shafawa ba. A nan sha'awa ke kama mutum ya ce shi fa da wannan zai yi saƙarsa ta farko. Gwanayen saƙa da yawa za su ce miki ki dakata sai hannunki ya faɗa. Ni ban ce ki dakata ba. Za ki iya, kuma mayafin wuya ne ya fi dacewa a fara da shi, tunda miƙaƙƙe ne daga farko har ƙarshe, ba ragi ba ƙari. Amma ina so abu guda ya zauna miki a rai kafin ki sayi ko dunƙule ɗaya: angora ba ta yarda a saƙa ta sau biyu. Zaren ulu na yau da kullum ki saƙa ki warware sau biyar, yana nan yadda yake. Angora kuwa warwarar farko ta zubar mata da gashi, ta biyu ta tsinka ta. Dabarun da ke tafe duka manufarsu ɗaya ce, kada aiki ya kai ki ga warwara.

Da 'yar'uwa nake magana, amma namijin da ke son koyo shi ma bismilla, tsinke bai san bambanci ba.

Ki san zaren tukuna

Angora gashin zomo ne, wani irin zomo mai dogon gashi buzu-buzu. Sunan ya samo asali daga birnin Ankara na ƙasar Turkiyya, wanda Turawa ke kira Angora a da, kuma a ƙarni na 18 aka fara kiwon zomayen a Faransa. Akwai ire-irensu: na Ingila, na Faransa, na Jamus, da wani ƙato da aka fitar a Amurka. Inda mutane ke rikicewa shi ne akwai kuma akuyar Angora, amma ita gashinta moheya ake ce masa, zare ne daban mai halinsa daban. Idan takardar jikin dunƙulen ta ce angora, to zomo ake nufi.

Silin gashin siriri ne ƙwarai, kaurinsa tsakanin maikiron 12 da 16 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), alhali ulun tumakin merino mai laushi yakan fara ne daga wajen 17 zuwa sama. Cikin silin kuma akwai rami kamar na bututu, iska na zaune a ciki, shi ya sa yake da ɗumi haka ba tare da nauyi ba. To, abubuwan da suka ba shi kyau su ne kuma suka sa ya yi wuyar sha'ani. Jikin silin sumul yake, don haka yana zamewa daga cikin zaren ya zuba. Ba shi da lanƙwasa irin ta gashin tunkiya, don haka idan aka ja shi ya miƙe ba ya komawa. Kuma da ya haɗu da danshi da zafi da gugar juna sai ya cuɗe ya zama abu guda, ba mai raba shi.

Saboda haka shawarata ga mai farawa: kada ki sayi angora zalla. Ki nemi wanda aka gauraya, angora kashi 30 zuwa 50 cikin 100, sauran kuma ulun merino, ko da ɗan nailan ko siliki. Ulun shi ke ba zaren ƙashi, shi ke sa ya miƙe ya dawo, angorar kuma ta ba da laushi da hazon nan da ke tashi a saman saƙa. Ko kashi 20 ne za ki ga hazon. Angora zalla tana da kyau, ba musu, amma mayafin da aka yi da ita yakan yi ta tsawo yana sirancewa, ga zubar gashi.

Akwai maganar da ba zan tsallake ba. Kusan kashi 90 cikin 100 na angorar duniya daga ƙasar Sin take fitowa, kuma a shekarar 2013 ƙungiyar kare dabbobi ta PETA ta fitar da bidiyon yadda ake fige zomaye da ransu a wasu gonaki a can, abin da ya sa manyan kamfanonin tufafi da dama suka daina sayar da kayan angora. Ba dole sai an azabtar da dabba ake samun gashin ba. Ana iya yi mata aski da almakashi, ko a taje gashin da ya riga ya saki lokacin da take sauya gashi, kusan duk bayan wata uku ko huɗu. Ki karanta takardar, ki tambayi mai sayarwa daga ina zaren ya fito da yadda aka tara gashin. Abin da zan naɗa a wuyana ina so in san ba da kukan dabba aka samo shi ba.

Abin da za ki tanada

Ki zaɓi zare mai matsakaicin kauri, wanda takardarsa ta nuna tsinke mai milimita 4 da ido 22 a santimita 10 (ido shi ne kowane zoben zare da ke kan tsinke). Siririn zare kamar na ɗinki yana da ban sha'awa, amma ba na yanzu ba ne. Ki duba murɗinsa kuma: wanda aka haɗa sili biyu ko uku aka murɗe da kyau ya fi sili ɗaya sako-sako ƙarfi, bai kuma cika zubar da gashi ba. Launi ya zama mai haske, fari, ruwan toka mai haske, ruwan hoda, shuɗi mai haske. Baƙi da ruwan ƙasa mai duhu suna ɓoye idanun saƙa, ga gashi ya lulluɓe su, sai ki riƙa lalube kamar mai neman allura a duhu.

Mayafi mai faɗin santimita 18 da tsawon santimita 150 yana cin zare tsakanin mita 300 da 400 a irin saƙar da za mu yi. Ki lura da mita, ba yawan dunƙule ba, don angora takan zo a ƙananan dunƙule, giram 25 ko ma giram 10. Ki saye duka lokaci guda, ki tabbata lambar rinin da ke jikin takardun iri ɗaya ce. Dunƙule biyu masu suna ɗaya amma daga tukunyar rini daban, a hannu ba za ki ga bambanci ba, sai an saƙa ya fito ɓaro-ɓaro a tsakiyar mayafi.

Tsinke kuwa na gora ko na katako, ba na ƙarfe ba. Ƙarfe santsi, angora santsi, idanu sai su yi ta zamewa. Gora tana ɗan riƙe zaren. Ki ƙara girman tsinken kaɗan a kan abin da takarda ta ce: idan ta ce milimita 4, ki ɗauki 4.5 ko 5. Dalili kuwa gashin yana buƙatar fili ya buɗe, idan aka matse shi a saƙa tamau sai ta yi tauri, ga zafi fiye da kima. Ki shafa tsinken da yatsa daga kai zuwa gindi, in kin ji wani ƙaiƙayi ko tsaga ki ajiye shi, zai riƙa kama gashi.

Sauran kayan kaɗan ne: kwarashi mai kaurin da ya kusa da na tsinken, allura mai babban ido marar tsini, almakashi, tef ɗin awo, fil mai makulli guda biyu ko uku, zaren auduga mai sulɓi da launinsa ya saɓa da na saƙar, da wani ƙyalle mai santsi da za ki shimfiɗa a cinya. Sai abu na ƙarshe wanda ya fi su duka muhimmanci: dunƙule ɗaya na zaren saƙa gama-gari, marar gashi.

Koyon hannu ba a kan angora ake yi ba

Wannan dunƙulen gama-garin shi ne makarantarki. Duk kuskuren da hannu zai yi, ya yi shi a can. Kwana biyu ko uku sun isa.

Kowane zoben zare da ke kan tsinke ido nake kiran sa, idan kuma aka saƙa idanun duka daga wannan gefe zuwa wancan an yi layi ɗaya ke nan.

Da ƙullin zarge ake farawa. Ki bar jela kamar santimita 15, ki naɗa zaren a yatsu biyu ya yi zobe, ki jawo zaren da ke zuwa daga dunƙule ta cikin zoben, ki sa sabon zoben a tsinke ki ja a hankali har ya zauna. Ya zauna, ba ya shaƙe tsinken ba. Idonki na farko ke nan. Ki riƙe wannan tsinken a hannun hagu, ɗayan a dama.

Yanzu ɗora sauran idanu. Ki soka bakin tsinken dama cikin idon, daga gaba zuwa baya, yadda tsinken dama zai gitta ta bayan na hagu. Ki zagaya da zaren ta bayan tsinken dama ki kawo shi tsakanin tsinkayen biyu. Ki jawo bakin tsinken dama ya dawo gaba ta cikin idon, yana ɗauke da sabon zobe. Ki ɗan ja zoben ya yi tsawo ki ɗora shi a kan tsinken hagu, kusa da na farko. Ido biyu ke nan. Ki soka cikin sabon, ki maimaita, har ki sami adadin da kike so. Akwai wasu hanyoyin ɗora ido da suka fi wannan sauri, amma na zaɓi wannan don dalili biyu: motsinta ɗaya ne da na saƙar kanta, kuma ba ta sa zare ya yi ta gogar yatsu, abin da angora ba ta so.

Saƙar gaba ita ce ainihin aikin. Zaren yana bayan saƙa. Ki soka, ki zagaya, ki jawo, kamar ɗazu. Bambancin kawai, maimakon ki mayar da sabon zoben hagu, sai ki bar shi a tsinken dama, ki zame tsohon idon daga tsinken hagu ya sauka. Soka, zagaya, jawo, sauke. Idan idanun hagu suka ƙare, ki sauya hannu: tsinken da ya cika ya koma hagu, wanda ba komai ya koma dama, ki sake farawa. Idan ke bahaguwa ce, ki fara gwada haka nan tukuna, don saƙa aikin hannu biyu ne, bahagwai da yawa a haka suke yi.

Idan aka yi ta saƙar gaba zalla a kowane layi, saƙar takan fito kunya-kunya kamar gonar da aka yi wa huɗa, gaba da baya iri ɗaya. Layi biyu ke ba da kunya ɗaya. Wannan ita ce saƙar mayafinmu, kuma kada ki raina ta. Ba ta naɗewa a gefe, ba ta da ciki da baya, kuma kunyoyin suna taimaka wa zare marar ƙashi ya riƙe siffarsa. Saƙar nan mai sumul da ake gani a rigunan sanyi, wadda ake yi da layin gaba da layin baya, nannaɗewa take yi kamar tabarma, ba kuma gugar da za ta hana ta. Ado mai ramuka ko mai kitso kuwa asarar wahala ce a nan, gashi zai rufe shi. Kyan angora a jikinta yake, sauƙaƙƙiyar saƙa ce ke fito da shi.

Kada ki taɓa angora sai kin yi layi talatin a jere a zaren koyo, adadin idanunki bai ƙaru ba bai ragu ba.

Ɗan gwaji da lissafi

Yanzu ki ɗauko angora. Ki ɗora ido 26, ki saƙa har tsawon ya kai santimita 12, ki rufe baki yadda zan bayyana a gaba. Na san zaren yana da tsada kuma zuciya ba ta son a ɓata ko taƙi ɗaya, amma wannan ɗan ƙyallen shi zai cece ki. Ki wanke shi yadda za ki wanke mayafin, ki shanya a kwance, in ya bushe ki aza tef a tsakiyarsa ki ƙirga ido nawa ne a santimita 10. A ce kin sami 20, wato ido 2 a kowace santimita. Faɗin santimita 18 zai zama ido 36.

Gwajin zai gaya miki wasu abubuwan ma. In ya yi tauri, ƙara girman tsinke. In ya yi raga-raga har yatsa na shiga, rage. Ki sa shi a wuyanki na rabin awa, don akwai masu atishawa ko ƙaiƙayin ido idan gashin zomo ya kusance su, gara ki sani yanzu. In kina da ƙaramin sikeli kuma ki auna shi: ƙyalle mai santimita 12 ta kowane gefe ya shiga mayafin nan kusan sau 19, don haka in ya yi giram 7, mayafin zai ci wajen giram 133, ki ƙara kaɗan ya zama 150. Da haka za ki san ko zarenki zai kai tun ba ki yi nisa ba.

Saƙar mayafin

Ki wanke hannu ki tsane shi sarai. In kina shafa mai, ki bari ya shige fata tukuna. Zobe ko awarwaro mai kama abu, a cire. Ki shimfiɗa ƙyallen nan a cinya, don gashin zai manne wa tufafinki, musamman masu duhu. Dunƙulen ki sa shi a kwano mai sulɓi, ki riƙa jan zaren daga waje, ba daga tsakiya ba. Wanda aka ja daga tsakiya yakan rufta ya cukurkuɗe, kuma cukurkuɗewar angora ba ta warwaruwa da daɗi. Ki zauna inda haske yake sosai.

Ki ɗora idanunki 36 da sassauci. Masu koyo kusan duka a nan suke matsewa, sai gindin mayafi ya tsuke ya fi sauran jikin ƙanƙanta. In kin san hannunki da ɗamewa, ki ɗora idanun a tsinken da ya fi girma da milimita ɗaya, sannan ki koma naki a layin farko.

Daga nan sai saƙa. Zaren ya riƙa gudana tsakanin yatsunki, kada ki naɗe shi sau biyu ko uku a yatsa don neman ƙarfi, kada kuma ki fizge shi bayan kowane ido. Girman tsinke ne ke yanke girman ido, ba jan hannu ba. Alamar kin yi daidai ita ce idanu na tafiya a kan tsinke da ɗan turi kaɗan, ba sa faɗuwa da kansu, ba sa kuma cijewa. In tafin hannunki ya fara gumi, ki ajiye ki sha iska. Gumi da zafin hannu da murza su ne daidai abubuwa ukun da ke cuɗe angora, sai ki ga wani wuri a saƙar ya daskare ya bambanta da sauran.

Ki ƙirga idanu a ƙarshen kowane layi. Kowane layi, ba wasa. Ido 36 ba ya cin daƙiƙa ashirin. A zare mai sulɓi kuskure yana nuna kansa, a angora kuwa gashi ke rufa masa asiri har sai an yi nisa. Ni kaina a nan na sha wuya a mayafina na farko. Baƙin zare ne, angora zalla, a tsinken ƙarfe, kuma da dare nake yi. Ban farga ba sai da idanuna suka tashi daga 36 zuwa 41, gefe ɗaya ya baje. Na zare tsinke na ja zaren don in warware, ya tsinke a wuri uku, abin da ya saura kuma ya zama kamar tsohuwar igiya. Na ji zafin asarar nan ƙwarai, kuma tun daga ranar ban sake wuce layi ban ƙirga ba.

Wurare biyu ne ido ke ƙaruwa ba a sani ba. Na ɗaya a farkon layi: idan zaren ya haye ta saman tsinke zuwa baya, sai ya jawo idon farko ya miƙe ya nuna ƙafafu biyu, ki ɗauka ido biyu ne ki saƙa kowanne. Kafin ki fara layi ki sauke zaren ƙasa, ki bi da shi ta ƙarƙashin tsinke zuwa baya. Na biyu, idan bakin tsinke ya tsaga zaren ko ya kama gashi kaɗai maimakon jikin zaren. Ki riƙa kallon abin da kika soka. In kina shakka, ɗaga saƙar ki sa haske a bayanta, jikin zaren zai fito a cikin hazon.

Sai igiyar tsira. Duk bayan layi 20, ki zura zaren audugar nan a allura marar tsini, ki bi da shi ta cikin idanun da ke kan tsinke ɗaya bayan ɗaya, ki bar jelarsa tana reto a gefe biyu, ki ci gaba da saƙa kamar ba ya nan. Ki kula kada allurar ta huda jikin angorar, kada kuma ki saƙa audugar tare da ita. Amfaninsa: in ta kama dole sai an koma baya, warwara za ta tsaya cak a wannan layin, idanunki duka suna rataye a zaren suna jiran tsinke. In kin sa sabo sai ki zare na baya.

Idan dunƙule ya kusa ƙarewa, a gefe ake haɗa sabo, ba a tsakiyar layi ba. Layi ɗaya yana cin zare kamar ninki huɗu na faɗin saƙar, don haka in abin da ya rage bai kai santimita 80 ba, kada ki fara sabon layi da shi. Ki bar jelar tsohon, ki fara da sabon kina barin jela santimita 15, ki ɗaure su sako-sako na wucin gadi. Ƙulli na dindindin ba shi da amfani a nan, santsin zaren zai kwance shi, ko ya zauna a wuya kamar tsakuwa. In kin ci karo da ƙulli a cikin dunƙulen kansa, ki yanke shi ki yi haɗin a gefe.

Kada ki tashi a tsakiyar layi. Ki ƙarasa, ki tura idanun can gindin tsinke, ki naɗe aikin a ƙyalle mai tsabta.

In kuskure ya faru duk da haka

Ki fara tambayar kanki ko ya kai a gyara. Idon da ya ɗan fi 'yan'uwansa girma, ko wanda ya murɗe, ki bar shi, wanki da hazo za su shafe shi. In ido ɗaya ne ya ƙaru, ki soka tsinke cikin ido biyu lokaci guda ki saƙa su tare kusa da gefe, magana ta ƙare.

Idon da ya faɗi kuwa ki kama shi da fil nan take. Ki saƙa har ki iso daidai wurin, ki sa kwarashi cikinsa, ki jawo zaren da ke gicciye a samansa ta ciki. In ya sauka layi fiye da ɗaya, to a saƙa mai kunya sai an riƙa juyawa: tsani ɗaya a jawo ta gaba, na gaba a juya saƙar a jawo ta baya, in ba haka ba wurin zai fito sumul a tsakiyar kunyoyi.

In kuskuren yana layin da kike kai ko na ƙasa da shi, ki koma baya ido-ido ba tare da zare tsinke ba: ki soka tsinken hagu cikin idon da ke ƙarƙashin wanda ke tsinken dama, ki zame na saman, ki ja zaren a hankali. Inda gashi ya riƙe, ki raba shi da bakin allura, kada ki ja da ƙarfi. In kuwa warwara mai yawa ce, masu saƙa da yawa sukan sa aikin a leda su ajiye a firiza na 'yan awoyi, sanyi yana sa gashin ya kwanta ya rage kama juna. Ko da hakan, a hankali, ido ɗaya bayan ɗaya, zuwa igiyar tsira.

Rufe baki da ɓoye jela

Ki auna tsawon a kwance a kan tebur, ba a rataye ba. Ki tsaya da ya rage kamar santimita 10 a kan abin da kike so, don zai ƙara tsawo da wanki da sawa. Ki tabbata kina da zare aƙalla mita ɗaya da rabi.

Ki saƙa ido biyu. Ki sa bakin tsinken hagu cikin na farkon, ki ɗaga shi ya tsallake na biyu ya sauka daga tsinke. Saura ɗaya a dama. Ki saƙa wani, ki tsallakar da na baya a kansa. Haka har ƙarshe. A nan ma sassauci ake so, in da hali ki riƙe tsinke mafi girma a hannun dama. Da ya rage ido ɗaya, ki yanke zaren ki bar santimita 20, ki zura jelar ta cikinsa ki ja.

Jeloli kuma ki kwance ƙullin wucin gadin, ki zura kowace a allura, ki bi da ita cikin gindin kunya kamar santimita 5, sannan ki juyo ki dawo santimita 2 ko 3 ta kunyar da ke kusa. Juyowar nan ce ke hana zare mai santsi zamewa. Ki ɗan miƙar da wurin kafin ki yanke saura. Geza a bakin mayafi ba na ba da shawararta, a angora saurin cuɗewa take yi ta zama dunƙule-dunƙule.

Wanki da ajiya

Ruwa mai sanyi ko mai ɗan ɗumi da bai wuce digiri 30 ba, a roba mai faɗi, da ɗan sabulun ruwa na wanke ulu ko man wanke gashi marar ƙarfi. Ki narkar da sabulun kafin ki sa mayafin. Ki danna shi ya nutse, ki bar shi minti 15. Ba cuɗawa, ba murzawa, ba sakin famfo a kansa. Ki tallabo shi da hannu biyu gaba ɗaya, kada wani ɓangare ya yi reto, don nauyin ruwa zai ja shi. Ruwan ɗauraya ya zama ɗuminsa ɗaya da na wanki, sauyin zafi zuwa sanyi farat ɗaya yana sa shi tsukewa. Ki matse tsakanin tafuka ba tare da murɗawa ba, ki shimfiɗa a tawul, ki naɗe ki danna, sannan ki mayar da shi kan busasshen tawul a inuwa, ki daidaita faɗin da tef, ki gyara gefuna da yatsu. Injin wanki, igiyar shanya, rana da dutsen guga duka ba nasa ba ne.

In ya bushe sarai ki ɗaga shi ki kaɗa a hankali sau biyu ko uku. A nan hazon ke tashi, saƙar da kika gani a kwance jiya ta cika ta yi taushi, kuma zai ci gaba da ƙaruwa a makonnin farko na sawa. Zubar gashi ma a farkon ta fi yawa, tana raguwa daga baya amma ba ta ɗaukewa ɗungurungum. Shi ya sa ba a yi wa jariri ko ƙaramin yaro kaya da angora, gashin na shiga baki da hanci da ido.

Ba ya son yawan wanki. Bayan an sa, a shimfiɗa shi ya sha iska ya wadatar, wanki sai in ya yi datti da gaske ko za a ajiye shi na dogon lokaci. A ninke ake ajiye shi, ba a rataye ba, a jakar auduga mai rufi, kuma sai yana da tsabta, don asu ya fi bin inda gumi da maiƙon jiki suka taɓa. In kin ga alamar asu a wurin ajiyar, ki ƙulle mayafin a leda ki sa a firiza mako guda, ki fito da shi ki bar shi a cikin ledar har sanyin ya sake shi, sannan ki buɗe.